Dannau da Dabaibayin Dare: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Ɗaure Jiki Lokacin Mafarki

Lacca ga limamai, malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da iyayen gida na Zakka da kewaye

  

Da zan ce duk wanda dannau ya taɓa dannewa ya ɗaga hannu, da hannuwa sun tashi a kowane sahu na zauren nan, wasu kuma da kunya ta hana su. Kun san yadda abin yake. Mutum yana kwance, galibi rigingine, wajen goshin asuba, sai ya farka. Yana ganin rufin ɗaki, yana jin carar zakara, yana jin numfashin wanda ke kusa da shi. Ya so ya ɗaga hannu, hannu ya ƙi. Ya so ya yi salati da ƙarfi, harshe ya yi nauyi. Ƙirji ya danne, numfashi ya ƙi cika. Wani har yana ganin inuwa a bakin ƙofa, ko ya ji an hau gadon. Can sai abin ya sake shi, ya tashi zaune jiƙe da zufa.

Magana ɗaya ce ta kawo ni. Wannan ɗaurewar jiki tana faruwa ga kowannenmu kowane dare, sau huɗu ko biyar, muna barci ba mu sani ba, kuma rahama ce Allah ya halicce mu da ita. Wanda ya farka ya kasa motsi na minti ɗaya ko biyu, galibi lafiyarsa ƙalau. Wanda ya kamata hankalinmu ya koma kansa shi ne dattijon da jikinsa ya daina ɗauruwa, yana kai naushi da hauri cikin barci. Na farkon muka ba dukkan tsoronmu, na biyun kuwa dariya muke masa. Ina so kafin mu watse mu gyara wannan.

Barci kashi biyu ne

Alƙur'ani mai girma, a Suratur Rum, ya lissafa barcinmu cikin ayoyin Allah. Aya kuwa abin dubawa ce. Amma har tsakiyar ƙarnin da ya wuce, likitoci sun ɗauka ƙwaƙwalwa hutawa kawai take yi daga kwanciya har wayewar gari.

A 1953, a Jami'ar Shikago ta Amurka, wani ɗalibi mai suna Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka liƙa ƙananan wayoyi a kan masu barci da gefen idanunsu, suka kwana suna kallon abin da na'ura ke rubutawa. Cikin waɗanda Aserinsky ya fara gwadawa har da ɗansa ɗan shekara 8. Sai suka ga lokaci-lokaci idanun mai barci suna kai-komo da sauri a ƙarƙashin fata, numfashi ya sauya, ƙwaƙwalwa ta shiga aiki irin na wanda ke farke. In an tashi mutum a wannan lokacin, galibi sai ya ce mafarki yake yi. A 1957 Kleitman da William Dement suka nuna cewa abin yana zagayowa kusan kowane minti 90.

Saboda haka barci iri biyu ne. Akwai mai nauyi, wanda ya fi yawa a farkon dare. Akwai kuma wannan, wanda zan riƙa kira barcin mafarki. Ga babban mutum yana cin kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na barcinsa. Zagayen farko gajere ne, kamar minti 10, na ƙarshe wajen asuba yakan kai rabin awa ko fiye. Shi ya sa mafarkin da muka fi tunawa shi ne na asuba, dannau ma a nan ya fi kama mutane.

Iyayenmu mata sun riga masana ganin wannan barcin. Jariri sabon haihuwa, kusan rabin barcinsa irin wannan ne. Kina duba shi a shimfiɗa, sai ki ga idanunsa na motsi a rufe, ya yi murmushi, ya tsotsi leɓe, yatsunsa su ɗan zabura, ya yi ɗan ƙara ya koma. Barci yake, kada a yi saurin ɗaukarsa. Irin wannan zabura tana tsayawa da zarar ya farka. Wadda ta zo da zazzaɓi, ko sandarewar jiki, ko ba ta tsaya ba bayan an tashe shi, wannan a garzaya da shi asibiti.

Abin da kyanwa ta nuna

Tambayar da ta biyo baya ita ce: in ƙwaƙwalwa tana aiki haka, mutum yana gudu a mafarki, yana noma, yana kokawa, me ya hana ƙafafunsa tashi?

Amsar ta fito ne daga birnin Liyon na Faransa. A 1959 Michel Jouvet yana auna tsokar wuyan kyanwa tana barci. A barci mai nauyi tsokar tana da sauran ƙarfi kaɗan. Da kyanwa ta shiga barcin mafarki, sai ƙarfin ya ɗauke gaba ɗaya, kai ya langaɓe. Ƙwaƙwalwa a farke, jiki a sake.

Jouvet ya bi diddigi har ya gano cewa umarnin yana fitowa daga tushen ƙwaƙwalwa, wato sashen da ke can ciki daidai ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da lakar baya. Tushen nan tsawonsa bai wuce na yatsa ba, amma shi ke riƙe da numfashi, haɗiya, da daidaita bugun zuciya. Yana da hawa uku: na sama, na tsakiya da ake kira fons, da na ƙasa da ake kira madula.

Daga 1965 Jouvet da abokan aikinsa suka riƙa lalata wani ɗan wuri a fons na kyanwa, dama da hagu. In tana farke ba ka ganin wani bambanci. Barci mai nauyi ma lafiya lau. Amma da ta shiga barcin mafarki sai ta ɗaga kai, ta miƙe tsaye, ta riƙa sanɗa tana bin abin da babu shi, ta yi tsalle ta kai cafka a iska, wani lokaci gashinta ya tashi tana huci. A ajiye mata abinci a gaba ba ta kula, don barci take. Nan aka tabbatar cewa a lokacin mafarki ƙwaƙwalwa tana aika umarnin motsi na gaske, akwai dai wani wuri da ke tare shi kafin ya isa ga tsoka.

Kowa a nan ya san dabaibayi. Mai doki ko jaki in dare ya yi yakan ɗaure masa ƙafafu, ba don ƙiyayya ba, sai don kada ya shiga gonar mutane ko ya faɗa rami cikin duhu. Da safe ya kwance shi. Haka tushen ƙwaƙwalwa ke yi mana: yana sa mana dabaibayi in mafarki ya fara, ya kwance in ya ƙare.

Yadda ake ƙulla shi

Ina roƙon ku ɗan haƙuri a nan, domin nan ne ainihin ilimin. Ƙwayoyin jijiya suna aika wa juna saƙo da sinadarai. Wasu sinadaran zaburarwa suke yi, babbansu shi ne gilutamet. Wasu kuma kwantarwa suke yi, manyansu biyu ne: GABA da gilaisin. Kowace tsoka da kake motsawa da nufinka tana da ƙwayoyin jijiyar da ke ba ta umarni na ƙarshe. Na hannu da ƙafa suna cikin lakar baya, na fuska da harshe da muƙamuƙi suna cikin tushen ƙwaƙwalwa. In waɗannan suka yi shiru, tsoka ba ta motsi, komai yawan umarnin da ke zuwa daga sama.

Mataki na farko yana fons. Akwai wani ɗan tarin ƙwayoyi, ɗaya dama ɗaya hagu, da masana ke taƙaita sunansa da SLD. Ɗakin binciken Pierre-Hervé Luppi a Liyon ya fayyace wurinsa a ɓeraye a 2002, sannan Jun Lu da Clifford Saper na Jami'ar Harvard suka ƙara bayani a 2006. Muddin kana farke ko kana barci mai nauyi, wasu ƙwayoyi daga hawan sama na tushen ƙwaƙwalwa suna zuba wa SLD sinadarin GABA, suna hana shi aiki. In lokacin mafarki ya yi, sai masu hanawar su yi shiru, SLD ya tashi.

Mataki na biyu, SLD yana aika gilutamet ƙasa zuwa madula, ya zaburar da wani tarin ƙwayoyi da ke can. Tun 1946 Horace Magoun da Ruth Rhines suka lura cewa in an taɓa wannan yanki na madula da lantarki kaɗan, tsokokin dabba suna saki, sai dai a lokacin ba a san alaƙarsa da barci ba.

Mataki na uku, ƙwayoyin madula suna miƙa dogayen rassa har cikin lakar baya, su zuba gilaisin da GABA a kan masu ba tsoka umarni. Michael Chase da abokan aikinsa a Los Anjalis, daga 1978, sun sa siririyar allurar gilashi cikin ƙwaya ɗaya tak ta irin waɗannan a jikin kyanwa mai barci, suka ga yadda ake danne ta da zarar mafarki ya fara. A 2012 Patricia Brooks da John Peever na Jami'ar Toronto suka gwada a tsokar muƙamuƙin ɓera, suka ga toshe hanya ɗaya bai isa ba, sai an toshe hanyoyin GABA da gilaisin gaba ɗaya kafin ƙarfin tsoka ya dawo. A 2017 mutanen Luppi suka hana SLD na ɓera fitar da gilutamet. Ɓeran ya ci gaba da shiga barcin mafarki, amma yana ta motsi a cikinsa, irin na kyanwar Jouvet.

Ban da wannan dannewar, akwai janyewa. Da rana sinadarai biyu, sirotonin da noradiranalin, suna taimaka wa tsoka ta riƙe ƙarfinta. A barcin mafarki ƙwayoyin da ke fitar da su kusan tsayawa suke cak.

Ku dubi hikimar da ke ciki. Ba a ɗaure komai ba. An bar tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wanda shi ne babbar tsokar numfashi, yana aikinsa. An bar zuciya. An bar idanu. A 2021 masu bincike a Jami'ar Tsukuba ta Japan, ƙarƙashin Takeshi Sakurai, suka bi rassan ƙwayoyin madular nan a ɓera, suka ga suna isa ga masu ba tsokoki umarni a ko'ina, ban da na idanu. Abin da zai iya cutar da kai in ya motsa aka ɗaure, abin da za ka mutu in ya tsaya aka bari.

Manoma ma sun san aikin GABA da gilaisin, ta mummunar hanya. Cutar tatanos, wadda ƙwayarta ke cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta saran fartanya, sukan ƙusa, ko cibiyar jariri. Gubarta gilaisin da GABA take hana fitowa. Shi ya sa muƙamuƙi ke ƙullewa, baya ya banƙare. Wanda ya taɓa ganin mai wannan ciwo ya san darajar abin da ke kwantar da tsoka, ya kuma san dalilin allurar rigakafin da ake yi wa masu juna biyu.

In an makara kwancewa

Yanzu dannau ya zama mai sauƙin fahimta. A ƙa'ida, farkawa da kwance jiki tare suke zuwa. Wani lokaci sai farkawa ta riga. Hankali ya dawo, ido ya buɗe tunda shi dama ba a ɗaure shi ba, amma gilaisin da GABA suna nan suna aiki a laka.

Nauyin ƙirji kuma ga dalilinsa. Tsokokin tsakanin haƙarƙari suna cikin waɗanda aka sassauta. Tantanin ciki yana numfasa maka daidai buƙata, amma in ka tsorata ka so jan dogon numfashi da kanka, sai ƙirji ya ƙi buɗewa, ka ji an danne ka. Iska kuwa tana shiga. Inuwar da ake gani da motsin da ake ji, saura ne na mafarki da bai gama rufewa ba, kuma sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro yana cikin waɗanda suka fi aiki a wannan barcin. Abin ba ya wuce daƙiƙu zuwa 'yan mintuna, kuma yana sakin mutum da kansa.

Ba mu kaɗai ba ne. Yarbawa na da ogun oru, Japanawa na da kanashibari, likitocin Musulunci na da can irin su Ibn Sina sun yi rubutu a kansa da sunan kabus, suka sa shi cikin lalurorin jiki da ake nema wa magani. A 1989 Jude Ohaeri da abokan aikinsa a Ibadan suka tambayi ɗaliban likitanci, kusan ɗaya cikin huɗu ya ce ya taɓa fuskantarsa. A 2011 Brian Sharpless da Jacques Barber suka tattara bincike daga ƙasashe da dama, suka samu kusan kashi 8 cikin 100 na jama'a, ɗalibai kuwa kashi 28.

Akwai binciken da nake so limamanmu su ji. Baland Jalal da Devon Hinton sun kwatanta Masar da Danmak. A Masar, inda da yawa ke danganta abin ga aljanu, waɗanda abin ke samu sun fi tsoron mutuwa a cikinsa, kuma ya fi yawan dawo musu. Tsoro yana ɓata barci, ɓataccen barci yana kawo dannau, dannau ya ƙara tsoro. Ban zo musun gaibu ba, wannan fagen malamai ne. Addu'ar kwanciya tana kwantar da zuciya, kwanciya a gefen dama da Sunna ta koyar kuwa ta dace da abin da bincike ya nuna, cewa dannau ya fi kama mai kwance rigingine. Roƙona shi ne in mutum ya zo da wannan kuka, a haɗa masa addu'a da bayani. Kada a ce wa yarinya an yi mata asiri, kada a nuna wa matar aure kishiyarta, kada a ce wata tsohuwa ce ta kama kurwa. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma gidaje sun rabu a kan abin da ke wucewa cikin minti biyu.

Daren mutanen bakin Rugu

Abubuwan da aka tabbatar suna jawo dannau su ne ƙarancin barci, barci a rarrabe, sauya lokacin kwanciya, fargaba, da firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali. Duk wanda ya ji wannan jeri ya san ina aka nufa.

Mu da muke bakin dajin Rugu, shekarun nan sun ƙwace mana dare. Ranar 14 ga Fabrairu 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin Batsari. A Afrilun 2020 aka kashe 47 a ƙauyukan Safana, Ɗanmusa da Dutsin-Ma. Waɗannan su ne jaridu suka ɗauka, ku kun san sauran. Magidanci ya koyi kwana da takalmi a ƙafa. Uwa ta koyi bambanta ƙarar babur ɗaya da ta babura goma tana cikin barci. Iyalai sun kwana a gona, a bayan duwatsu, a azuzuwan makaranta a Batsari da Dutsin-Ma. Matasa sun kwana sintiri, gari ya waye su nufi gona.

Jiki yana bin bashin barcin mafarki. In aka hana shi kwana biyu ko uku, ranar da ya samu dama sai ya afka cikinsa da wuri kuma da ƙarfi, a nan ne farkawa da kwancewa suka fi saɓawa. Hinton ya yi aiki da 'yan gudun hijirar Kambodiya da suka tsira daga kisan gwamnatin Khmer Rouge, ya ga dannau ya fi yawa ƙwarai ga waɗanda firgicin bai sake su ba, kuma inuwar da suke gani sau da yawa siffar abin da suka gudo wa ce. Don haka in ɗan sintiri ya ce yana farkawa ya ga mutum da bindiga a kansa ya kasa motsi, ba hauka ba ne, ba kuma ragwanci ba. Ciwo ne da tashin hankali ya bari, kuma ana maganinsa.

Ga mai fama da shi: in ya kama ka, tuna cewa numfashinka na tafiya kuma zai wuce. Kada ka yi kokawa da dukkan jiki, mai da hankali kan motsa yatsa ɗaya ko idanu. Ka gaya wa wanda kuke kwana tare, in ya ji kana gurnani ya taɓa ka, taɓawa na katse shi. Ka rage shayi mai ƙarfi da goro da daddare. Masu tsara sintiri su raba dare, kowa ya samu barci a jere, kada mutum ɗaya ya yi kwanaki ido biyu.

In dabaibayi ya tsinke

Yanzu ga wanda na ce ya fi cancantar kulawarmu. A 1986, a Miniyafolis ta Amurka, likitoci biyu, Carlos Schenck da Mark Mahowald, suka bayyana marasa lafiya biyar da ke aikata mafarkinsu. Abin da Jouvet ya gani ga kyanwa ya bayyana ga ɗan Adam.

Galibi maza ne da suka haura 50. Ku ɗauki misalin dattijo mai sanyin hali, wanda bai taɓa ɗaga wa iyalinsa hannu ba. Can cikin dare, ido a rufe, sai ya yi ihu, ya kai naushi ya sami bango ko fuskar matarsa, ko ya yi tsalle ya faɗo daga gado. In an tashe shi nan take hankalinsa ke dawowa, ya ce ɓarayi ne suka biyo shi, ko sa ne ya taso masa. Mafarkin da motsin sun yi daidai. Wannan daban yake da tafiyar barci ta yara, wadda ke zuwa a farkon dare cikin barci mai nauyi, yaro ya tashi ido buɗe, da safe bai tuna komai ba.

Schenck da Mahowald sun ci gaba da bin marasa lafiyarsu. A 1996 suka ba da rahoton cewa cikin maza 29, kashi 38 cikin 100 sun kamu da ciwon karkarwa irin na Fakinsin. Zuwa 2013 adadin masu Fakinsin ko gushewar tunani ya kai kashi 81. A 2019 Ronald Postuma na Kanada ya jagoranci bincike a cibiyoyi 24 kan mutum 1,280, aka samu kusan kashi 6 na kamuwa duk shekara, sama da kashi 70 cikin shekara 12. Dalili kuwa, wani furotin mai suna alfa-sinukilin yana taruwa yana lalata ƙwayoyin jijiya. Heiko Braak na Jamus ya nuna a 2003 cewa sau da yawa yana farawa daga ƙasan tushen ƙwaƙwalwa ya riƙa hawa. Yana isa wurin ɗaure jiki shekaru kafin ya kai wurin da ke jawo rawar hannu. Raguwar jin ƙamshi da yawan taurin bayan gida sukan zo tare da shi.

Kada kowa ya koma gida ya yanke wa mahaifinsa hukunci. Ba duk mai motsi cikin barci ke da wannan ba. Mai minsharin da numfashinsa ke sarƙewa yakan yi fizge-fizge. Wasu magungunan ciwon damuwa suna sassauta ɗaurin. Wanda ya ga tashin hankali, ko yana matashi, yakan yi faɗa cikin barci, likitocin sojan Amurka sun bayyana haka ga waɗanda suka dawo daga yaƙi. Farfaɗiya ma tana zuwa da dare. Likita ne zai rarrabe, tabbatarwa kuma sai da gwajin barci.

Amma akwai abin da ba ya jiran likita. A yankinmu mutane da yawa sun saba kwana da adda, wuƙa, gora, wasu har da bindiga, a inda hannu zai kai. Wanda jikinsa ba ya ɗauruwa, kuma mafarkinsa na hari ne, bai kamata makami ya kwana kusa da shi ba. A fitar da makamin daga ɗakin. A sauke katifa ƙasa, a kawar da fitila da duk abin da zai fashe, kada a kwantar da yaro kusa da shi, in ya yi tsanani a raba shimfiɗa. Akwai magunguna irin su melatonin da kilonazefam da ke rage abin sosai, amma da izinin likita, ba na kanti ko na mai talla a kasuwa ba. Iyayenmu mata, ku ne shaidu, shi bai san yana yi ba. Faɗar abin ba tona asirin miji ba ne, ceto ne gare ku duka.

In an ɗaure da rana tsaka

Akwai lalura ta uku, wato nakolefsi, malaman makaranta ku saurara. A 1998 aka gano wani sinadari mai suna oreksin, wanda ke riƙe mutum a farke, yana kuma ƙarfafa ƙwayoyin da ke hana SLD tashi. A 2000 aka nuna cewa masu cutar nakolefsi sun rasa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin da ke fitar da shi. A Turai da Amurka tana samun kamar mutum ɗaya cikin 2,000, kuma ta fi farawa a shekarun samartaka.

Yaro ne za ka ga barci na sace shi a aji, a gona, har yana cin abinci, ko da ya yi barcin dare isasshe. In aka ba shi dariya sosai sai gwiwoyinsa su sage, kai ya langaɓe, ya zube. Yana jin duk abin da ake faɗa, bayan daƙiƙu ko minti ɗaya zuwa biyu ya miƙe. Ɗaurin dare ne ya faɗo masa yana farke. Irin wannan yaro ya sha bulala da sunan lalaci, an guje shi da sunan farfaɗiya ko iskoki. A tambaye shi: da ka faɗi, kana jinmu? Me ya faru kafin ka faɗi? In ya ce yana ji, kuma dariya ce ta jawo, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa. Kafin nan a hana shi hawa bishiya, leƙa rijiya da tuƙa babur.

Abin da nake roƙo

Ma'aikatan lafiya, ku ƙara tambaya biyu ga waɗanda kuke gani. Ga kowa: yaya barcinka? Ga wanda ya haura 50, a tambayi iyalinsa: yana faɗa ko ihu cikin barci? Mai dannau jefi-jefi bayani ya ishe shi. Wanda abin ke dawo masa duk mako, ko ya haɗu da mugun mafarki da firgita da rana, ko mai aikata mafarki, ko mai zubewa in ya yi dariya, a rubuta masa takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Limamai, minti biyar bayan sallah kan wannan batu zai kashe zargi a gidaje da yawa. Malaman makaranta, kafin bulala a yi tambaya. Matasa, ku nisanci tiramadol da kodin da sunan ƙarfin sintiri ko neman barci, suna wargaza tsarin barci, tiramadol har jijjiga yake jawowa. Ɗalibanmu da ke jami'a a Dutsin-Ma da Katsina, ga fagen bincike a ƙofar gidanku: ku shigo ƙauyukan nan da takardar tambayoyi cikin Hausa, ku ƙirga mana masu dannau da masu faɗa cikin barci, domin hukuma da adadi take aiki.

Shugabanni kuma, in ana lissafin ɓarnar rashin tsaro, ana ƙirga rayuka, shanu da gonaki. A sa barci cikin lissafin. Mutanen da suka yi shekaru ba su yi barci a jere ba suna buƙatar ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin Safana da Batsari, kamar yadda suke buƙatar taki da hanya.

Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da mana da barcinmu cikin aminci.  Mai tambaya ya miƙe, iyayenmu mata su fara.